Daga Tekun Gini zuwa Dajin Rugu: Makamai Masu Cin Dogon Zango da Jirage Marasa Matuƙa a Yaƙin Arewa Maso Yamma

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda makamai masu linzami masu cin dogon zango da jirage marasa matuƙa suka shigo yaƙin da ake gwabzawa da 'yan bindiga da 'yan ta'adda a Arewa maso Yammacin Nijeriya da kudancin Nijar. Ta bi sawun kayan yaƙin da ƙasashen biyu suka saya ko suka ƙera tun daga 2013, ta jera nasarorin da aka samu kusa da rayukan da suka salwanta bisa kuskure, sannan ta leƙa yadda ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai su ma suka fara tayar da nasu jiragen. Matsayinta shi ne, makami na ƙara nisa kowace shekara, amma sanin wanda za a harba bai tafi da irin wannan saurin ba, kuma a wannan giɓin ne mutanen karkara ke rasa rayukansu.

1. Gabatarwa

A daren 25 ga Disamba, 2025, mutanen Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal a jihar Sakkwato suka ji wata ƙara da ba su taɓa jin irinta ba, sama ta yi ja, gidaje suka girgiza. Da gari ya waye aka tarar da rami a gona a bayan gari, ga ɓaraguzan ƙarfe warwatse, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. Babu wanda ya mutu a Jabo. Can kudu kuma, a Offa ta jihar Kwara, wasu tarkacen sun faɗa kan gine-gine sun lalata su.

Shugaban Amurka Donald Trump ne ya fara shelanta cewa ƙasarsa ta kai hari kan mayaƙan IS a Arewa maso Yammacin Nijeriya. Ma'aikatar tsaron Amurka ta saki hoton bidiyo na makami mai linzami yana tashi daga jirgin ruwan yaƙi, kafafen yaɗa labaran ƙasar kuma suka ce Tomahawk ne sama da goma sha biyu. Ministan Yaɗa Labarai na Nijeriya, Mohammed Idris, ya ce an harba makamai 16 masu bin jagorancin tauraron ɗan adam, an auna sansanoni biyu a dajin Bauni na ƙaramar hukumar Tangaza, kuma daga Tekun Gini aka ƙaddamar da harin. Ministan Harkokin Waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya ce da sanin Nijeriya aka yi, ita ce ma ta ba da bayanan sirri.

Daga bakin teku zuwa Sakkwato ya haura kilomita 700. Wannan ne karo na farko da irin wannan makami ya sauka a ƙasar Hausa.

Ƙofar Sauri tana cikin ƙofofin da magabata suka yi wa ganuwar Katsina don abokin gaba mai zuwa a kan doki. Ita ke fitar da matafiyi zuwa Kaita da Ɗankama, bakin iyakar Nijar. A 1903 igwar Turawa ta fasa ƙofar birnin Kano, bindiga mai ruwa ta watsa rundunar Sakkwato a filin Giginya, Katsina ta karɓi Lugga ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an ja daga ba. Tun ranar aka gane ganuwa ta gama aikinta. Sauyin da ake gani yanzu ya kai wancan girma, domin mai harbi na iya zama cikin ɗaki mai sanyi a wata jiha, ko cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku, wanda ake harbi kuma yana shan inuwar marke a dajin Rugu.

2. Abin da fagagen yaƙi na waje suka koyar

Tomahawk tsohon hannu ne. Amurka ta fara amfani da shi a yaƙin Tekun Fasha na 1991. Yana cin kusan kilomita 1,600, yana tafiya ƙasa-ƙasa don kauce wa na'urar hangen jirage, kuɗin guda ɗaya kuwa ya doshi dala miliyan biyu. Afirka ta taɓa ɗanɗana shi: ranar 20 ga Agusta, 1998, aka rugurguza masana'antar magunguna ta Al-Shifa a Khartum bisa zargin tana haɗa makamai masu guba, zargin da har yau ba a kawo wa duniya gamsasshiyar hujjarsa ba. Makamin ya faɗa daidai inda aka aike shi, labarin da aka dogara da shi ne ya samu tangarɗa.

Abin da ya sauya lissafi a shekarun nan shi ne araha. Jirgin Bayraktar TB2 na Turkiyya, wanda ya yi suna a Libiya da yaƙin Azarbaijan da Armeniya na 2020, yana iya shafe sa'o'i 27 a sama, yana ɗauke da ƙananan bama-bamai huɗu masu bin hasken lesa. Shahed-136 na Iran, wanda Rasha ke turawa garuruwan Yukren da ɗaruruwa a dare guda, ana ƙiyasta kuɗinsa da dubban daloli 'yan gomiya, alhali makamin da ake kakkaɓo shi da shi kan ninka haka sau da yawa. Ranar 1 ga Yuni, 2025, Yukren ta ɓoye ƙananan jirage 117 a cikin manyan motocin dakon kaya, ta tayar da su dab da filayen jiragen yaƙin Rasha, har da na Belaya a Saiberiya, sama da kilomita 4,000 daga iyakarta. A Sudan kuma, a watan Mayun 2025, dakarun RSF suka yi kwanaki suna luguden wuta da jirage marasa matuƙa kan Port Sudan, birnin da ake ganin ya yi wa yaƙi nisa.

3. Abin da ke hannun Nijeriya da Nijar

Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka shiga wannan fage. A Disambar 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma a Kaduna, jirgin gwaji da injiniyoyin rundunar sojin sama suka haɗa. A Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, shi ma a Kaduna, wanda aka ƙera da taimakon wani kamfanin ƙasar Fotugal. Duka biyun na leƙen asiri ne. Masu ɗaukar makami daga waje aka sayo su. An karɓi CH-3 daga Sin a 2014, duniya kuma ta san da zuwansu ne lokacin da ɗaya ya faɗi a yankin Mafa na jihar Borno a Janairun 2015, makamansa na nan a jiki. A Fabrairun 2016 rundunar ta nuna bidiyon harinta na farko da shi a dajin Sambisa. Daga baya Wing Loong II ya zo daga Sin, TB2 ya zo daga Turkiyya.

Jiragen da ke da matuƙa ma sun ƙaru. Super Tucano 12 da aka saya ta hannun Amurka kan kusan dala miliyan 500 sun iso a 2021, aka ajiye su a Kainji. Akwai JF-17 guda uku daga Pakistan, da jirage masu saukar ungulu T129 guda shida daga Turkiyya, da yarjejeniyar M-346 guda 24 da kamfanin Leonardo na Italiya. A Agustan 2025 Amurka ta amince da sayar wa Nijeriya bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346. A Katsina, rundunar sojin sama na da sansani a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, rundunar haɗin gwiwa ta Fansan Yamma kuma ta gaji Hadarin Daji a 2024.

A ƙetaren iyaka, Nijar ta karɓi TB2 guda shida a 2022, zamanin Shugaba Mohamed Bazoum. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansani na 201 a Agadas, jiragenta na MQ-9 suka fara tashi daga can a 2019. Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya ruguza wannan tsari, zuwa Agustan 2024 sojan Amurka na ƙarshe ya bar Agadas. Shi ya sa, kamar yadda kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito, jirgin da ya yi ta shawagin tattara bayanai a samaniyar Nijeriya kafin harin Sakkwato daga Accra ta Gana yake tashi. Idon da a da ke maƙwabtaka da daji ya koma bakin teku.

Waɗannan kaya sun yi rana a wurare da dama, kuma zalunci ne a musa. A farkon 2022 luguden wuta a dajin Gusami na Zamfara ya hallaka jagororin 'yan bindiga Alhaji Auta da Kachalla Ruga. A Agustan 2025, kwanaki kaɗan bayan kisan masallata a Unguwar Mantau ta Malumfashi, harin sama a dutsen Pauwa na Ƙanƙara ya buɗe hanyar kuɓutar da mutum 76 da aka yi garkuwa da su. Mutanen Batsari da Jibiya sun san yadda ƙarar jirgi kaɗai ke tarwatsa ayarin babura.

To amma a Satumbar 2022 an jefa bam a gidan jagoran 'yan bindiga Bello Turji a Fakai, ya tsira. Halilu Sububu, wanda ya fi shi dukiya da makamai, kwanton ɓauna sojoji suka yi masa a ƙasa suka kashe shi a Satumbar 2024. Dalilin a fili yake. An ƙera makami irin Tomahawk ne don barikin soja da gada da ma'ajiyar makamai, abubuwan da ba sa gusawa. Yana buƙatar kusan awa guda kafin ya iso daga teku, cikin awa guda kuwa ɗan bindiga a kan babur ya bar wannan daji ya faɗa wancan. Dabarsa bukka ce da leda da jarkokin mai. Idan an ƙone ta yau, jibi ya kafa wata.

4. Abin da ido ke gani daga sama

Ya kamata a ɗan tsaya a ɗakin da ake sarrafa jirgin. Mutum biyu ko uku ne gaban allo: ɗaya na tuƙi, ɗaya na juya kyamara. Da dare kyamarar zafin jiki take gani, don haka mutum kan fito fari fat a kan baƙin fili, babu fuska, babu launin riga. Ana iya ƙirga kawuna, ana iya gane injin babur da bai huce ba, ana iya ganin wani dogon abu a kafaɗa. Ko bindiga ce, ko sandar makiyayi, ko fartanya, allo ba ya faɗa. Da hunturu ƙura kan dusashe hoton, da damina ganye kan rufe ƙasa. Kuma a karkarar Katsina kowa babur yake hawa: ɗan bindiga, ɗan sa-kai, ɗan kasuwa, mai kai mara lafiya asibiti. Kowa kuma taro yake yi da dare, ko na biki, ko na zikiri, ko na tsaron gari.

Daren Lahadi, 3 ga Disamba, 2023, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna suna tsakiyar Mauludi sai bam ya faɗo a kansu. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa suna cikin kwasar gawawwaki da masu rauni na biyu ya sauka. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce adadin ya kai 120, mafi yawa mata da yara. Da farko rundunar sojin sama ta ce ba ta tashi jirgi a yankin ba, kuma gaskiya ta faɗa, domin jirgin na sojin ƙasa ne. Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, a Mayun 2024 kuma hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja. Tudun Biri ba ta da nisa da filin jirgin saman Kaduna. Da an tambayi mai unguwa ko limamin kowane ƙauye da ke kusa, da ya faɗi abin da ake yi a wannan daren.

Ba Tudun Biri ce farau ba, ba kuma a kanta aka tsaya ba. A Rann, ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, sama da mutum 100 suka mutu. A Fabrairun 2022 gwamnan Maraɗi ya sanar da cewa harin jirgin Nijeriya ya kashe yara bakwai a ƙauyen Nacade na yankin Madarunfa, 'yan kilomitoci daga iyaka. A Yulin 2022 aka samu irin haka a Kunkunna ta ƙaramar hukumar Safana. A Janairun 2023 makiyaya kusan 40 suka mutu a Rukubi ta jihar Nasarawa. Ranar Kirsimetin 2024, a farautar mayaƙan ƙungiyar Lakurawa, mutum goma suka rasu a Gidan Sama da Rumtuwa na ƙaramar hukumar Silame. Makonni kaɗan bayan nan, a Tungar Kara ta Zamfara, wuta ta sauka kan 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayin da aka zo nema. A Fabrairun 2025 kuma aka sake jin kuka daga mazaɓar Zakka, a Safana. Cibiyar SBM Intelligence ta Legas ta ƙiyasta cewa daga 2017 zuwa ƙarshen 2024 fararen hula kimanin 400 ne suka mutu ta wannan hanya.

Asarar ba ta tsaya ga mamata ba. Sojan sama ya dogara ne da abin da mutanen ƙasa suka gaya masa: ina aka ga shanun sata, wace hanya ake kai wa daba mai da burodi, wane ne infoma a cikin gari. Ƙauyen da ya binne 'ya'yansa sakamakon bam ɗin gwamnati ba zai yi saurin buga waya gobe ba. Kowane kuskure na rage labarin da ake buƙata don kauce wa kuskure na gaba.

5. Sama ta daina zama ta gwamnati ita kaɗai

Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema, ya yi ta ɓuya har dare ya rufa masa asiri ya kai ga sansanin soja. Wannan da wutar bindiga daga ƙasa aka yi. Mataki na gaba ya fito ne daga Arewa maso Gabas: a Disambar 2024 mayaƙan ISWAP suka kai wa sansanin sojoji na Wajiroko, a yankin Dambuwa, hari da ƙananan jirage masu ɗauke da gurneti haɗin gida. A Janairun 2025 rundunar Haɗin Kai ta haramta tashin irin waɗannan jirage a Borno da Yobe da Adamawa. A Mali da Burkina Faso, ƙungiyar JNIM ta mayar da su kayan aikin yau da kullum, 'yan tawayen Abzinawa na arewacin Mali ma haka.

Jirgin da ake magana a kai kowa ya san shi. Shi ne mai farfela huɗu da masu ɗaukar hoto ke tayarwa a gidan biki da ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro. Yana shiga jakar goyo, batirinsa na ɗaukar kusan rabin awa, da wayar hannu ake ganin abin da yake gani. Abin da mayaƙi ke ƙarawa shi ne ɗan maƙalli a cikinsa wanda ke sakin gurneti idan an danna. Kuɗin fansar mutum ɗaya ya isa sayen da yawa. Tun da Lakurawa na da alaƙa da ƙungiyoyin Sahel, kuma makamai da mayaƙa na zirga-zirga tsakanin dazukan Sakkwato da Zamfara da Katsina da Maraɗi, babu wani shinge da zai hana wannan dabara isowa Rugu. Ofishin 'yan sanda na ƙauye, shingen bincike a hanyar Jibiya, kasuwar mako, duk a buɗe suke ta sama.

Kariyar kuwa ba Super Tucano ba ce. Na'urorin toshe sadarwar jirgin ne, da ƙananan na'urorin hange, da raga a saman sansani, da horar da jami'ai su gane ƙarar. Waɗannan kaya ba su kai jirgin yaƙi tsada ba, ba kuma sa ɗaukar hankali a ranar faretin soja, shi ya sa ake yawan barin su a ƙarshen jerin sayayya.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, maƙalar na gabatar da shawarwari huɗu.

Na farko, kada a saki makami kan taron jama'a kusa da gari bisa hoton sama kaɗai, sai an samu tabbaci na biyu daga ƙasa. Katsina na da abin da za ta gina wannan a kai: dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 'yan asalin garuruwansu ne, hakimai da dagatai da masu unguwanni kuma sun san ranar kowane Mauludi da biki da cin kasuwa. Ana buƙatar layi guda mai aiki dare da rana tsakanin su da ɗakin da ake ba da umarnin harbi, tare da tace labarin sosai, domin mai gaba da maƙwabcinsa ma na iya buga waya.

Na biyu, duk jirgin da zai tashi da makami a yankin, na sojin ƙasa ne ko na sama ko na ƙasar waje, ya kasance ƙarƙashin umarni ɗaya, yadda ba za a sake samun wata runduna na cewa ba ta san wanda ya yi harbi ba.

Na uku, a riƙa bayyana sakamakon bincike. A 2025 rundunar sojin sama ta fito da tsarin rage cutar da fararen hula. Za a gane ingancinsa ne idan ana buga sunayen waɗanda suka mutu, ana faɗin inda aka yi kuskure, ana biyan diyya cikin ƙayyadadden lokaci ba sai an yi zanga-zanga ba.

Na huɗu, a dawo da musayar bayanai tsakanin Katsina da Maraɗi duk da tsamin dangantakar Abuja da Yamai tun 2023, a kuma fara rajistar masu shigo da ƙananan jirage da masu sayar da su a kasuwannin Kano da Katsina tun kafin a wayi gari da hari. Ma'aikatar ƙera makamai ta DICON da cibiyar fasahar sojin sama da ke Kaduna na iya karkata wani ɓangare na aikinsu ga na'urorin kariya masu sauƙin kuɗi, a fara rarraba su a sansanonin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, waɗanda suka fi kusa da bakin daji.